Yadda ake nuna wa yara aikin masana'anta a Maraɗi, mataki-mataki

Iyaye da malaman lakwal suna yawan tambayarmu abu biyu: ta ina ake farawa, kuma ina za a kai yaran tunda manyan masana'antu ba su da yawa a gari? Wurin kaiwa ba ya wuya. Injin niƙa na unguwa, gidan burodi, masu ɗura ruwan leda, masu zubin tukunyar alminiyam, masu buga bulo, matan da ke matsar man gyaɗa, duk aiki iri ɗaya suke yi: kaya su shigo ɗanye, su bi hannu-hannu, su fita an sarrafa su. Abin da ake so yaro ya kama shi ne tsari da awo, wato mene ne ke zuwa kafin mene, kuma nawa ake zubawa. Idan ya gane wannan a ƙaramin wuri, babban inji ba zai ruɗa shi ba.

Tun farko a raba abu biyu. Nuna wa yaro aiki daban, sa shi aiki daban. Dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki a kamfani, ko da a matsayin ɗan koyo, kafin ya cika shekara 14, aikin da ke da haɗari kuwa sai mai shekara 18. Duk abin da ke cikin wannan jagora kallo ne, da tambaya, da gwaji a gida a gaban babba.

1. A duba shekarun yaro

Ɗan shekara 5 zuwa 7 kallo ne nasa, da ƙirga, da ware mai kyau daga marar kyau. Kada ziyararsa ta wuce minti 20, kuma hannunsa na cikin hannun babba har a fito. Ɗan 8 zuwa 11 yana iya awo, ya rubuta, ya zana abin da ya gani. Daga 12 zuwa 13 a ba shi lissafin kuɗi da jagorancin ƙannensa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaso su duka wuri guda: ƙananan su gaji su fara guje-guje kusa da inji, manyan su rasa damar tambaya. A raba su, ko da za a je sau biyu. Kuma a tafi da ƴan mata kamar yadda ake tafiya da maza, don yawancin sarrafa abinci a garin nan a hannun mata yake.

2. A fara da abin da ke hannunsa

Kwana biyu ko uku kafin a je ko'ina, a ɗauki abu ɗaya da yaro ke taɓawa kullum: takalmin roba, ledar ruwa, tukunyar miya, burodi. A aje a gabansa a yi masa tambaya huɗu. Da me aka yi shi? Daga ina abin ya zo? Hannu nawa ya bi? Ina aka haɗa shi?

A bar shi ya juya abin ya nemi alamar aiki. A jikin takalmin roba akwai siririn layi inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. A ledar ruwa akwai liƙi sama da ƙasa da kuma na tsaye, inda ƙarfe mai zafi ya danne. A jikin tukunyar zubi akwai gurzar magagari, kuma fatarta na da kaushi saboda a cikin ƙasa aka zuba ta. Kada a gaya masa amsa. Ya rubuta abin da yake tsammani a kaye, ranar ziyara ya gwada da abin da idonsa ya gani. Yaron da ya je da tambaya a ransa ba ya tsayawa kallon rufi.

3. Zaɓen wuri da neman izini

A fara da wurin da ake ganin aikin daga farko har ƙarshe a tsaye guda. Ga jerin da ya fi dacewa, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi.

Injin niƙa shi ne na farko. Sassansa kaɗan ne kuma a fili suke: mazurarin da ake zuba hatsi, faifan ƙarfe biyu masu haƙora da ke murƙushe shi, bel, da injin da ke juya shi, na gazuwal ko na wutar lantarki. A roƙi mai inji ya kashe, ya buɗe, yara su ga haƙoran da abin da ake murɗawa don gari ya yi laushi ko ya yi tsaki.

Sai masu ruwan leda, waɗanda su ne suka fi kama da babbar masana'anta: ruwa daga rijiyar burtsatse ko famfo zuwa tanki, ya ratsa matatai, sannan injin da ke naɗe leda ya cika ta ya liƙe ya yanke, ma'aikata na ƙirgawa suna zubawa cikin babbar leda. Gidan burodi ma yana da kyau don awon fulawa da yis da ruwa, sai dai yawancin aikinsa cikin dare ne ko asuba, saboda haka a tambayi lokacin kwaɓin rana.

Masu zubin tukunya a bar su a ƙarshe, kuma ga ƴan shekara 10 zuwa sama kawai. Can yaro zai ga yadda ake danna damshin ƙasa cikin akwatin katako a kewaye tukunyar samfuri, a buɗe a cire ta, a rufe, sannan a kwarara narkakken alminiyam cikin gurbin da ta bari.

Gargaɗi: alminiyam ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660, kuma idan ya haɗu da ruwa yana fantsama. Lokacin zubi yara su ja baya kamar taki goma, ta inda iska ba ta kawo musu hayaƙi. Kada a ba yaro ya riƙe tukunyar da aka fasa ƙasarta yanzu, ko da ta yi kamar ta huce.

Babba ya je shi kaɗai tukuna, mako guda kafin ranar. A gaisa da maigidan wurin, a faɗi adadin yaran da shekarunsu, a bar shi ya zaɓi rana da sa'a. Kada a sa ranar da aiki ya yi masa yawa, kamar jajibirin salla. A zaga wurin da ido: ina bel yake, ina wayoyin wuta, ina yara za su tsaya, ta ina za a fita. Idan kamfani ne mai ofis, sai an rubuta takarda zuwa ga darakta. Idan kuma da sunan lakwal za a je, sai da yardar daraktan makaranta da sanin kwamitin iyaye, kuma kowane uba ko uwa a sanar da su wurin da za a je. Wasu wuraren za su ƙi, ba don rowa ba, don tsoron haɗari ne. A gode musu a nemi wani.

4. Kaya da kuɗin da za a tanada

Babba ɗaya ga yara biyar, kuma kada rukuni ya wuce goma. Kowane yaro da rufaffen takalmi, ba silifa ba, da takunkumi saboda ƙurar gari ko siminti, da kaye da fensir, da ruwan sha. Babba ya riƙe auduga, bandeji da ruwa mai tsabta.

Tufafi su ne abin da ya fi damun mu. Bel da sandar inji masu juyawa ba sa barin ƙyalle idan suka kama. Yarinya ta sa ƙaramin hijabi ta cusa bakinsa cikin riga, ko ta ɗaure shi ta baya. Yaro ya bar babbar riga a gida. Ba gyale mai reto, ba sarƙa, ba carbi a wuya.

Kuɗin ba shi da yawa idan wurin na cikin unguwa: kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, takunkumi, da ɗan goro ga maigidan wuri. Gara adaidaita biyu da a ɗora yara uku a kan kabu-kabu ɗaya. A wurin mai inji, a tafi da tiya guda ta gero ko masara a biya kuɗin niƙa kamar kowa, don ya kashe injinsa ya tsayar da ciniki saboda ku. A gidan burodi a sayi burodi. Wanda aka mutunta haka, gobe ma zai buɗe ƙofa.

5. Ranar ziyara

A je da safe kafin rana ta yi zafi. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi sauƙi. A Afrilu da Mayu rumfar kwano mai inji a ciki ba wurin yara ba ce. A bakin ƙofa a maimaita doka uku: ba taɓawa sai an ce taɓa, ba gudu, ba wuce layin da aka ja. A ja layin da gaske, da ƙafa a ƙasa ko da alli, kamar taki uku daga inji.

Yara su yi sallama, su ce "Baba, sannu da aiki" ko "Inna, sannu da aiki". A bi aikin yadda kaya ke bi, daga inda ɗanyen kaya ke shigowa zuwa inda ake fitar da wanda aka gama. Maigida yakan so ya fara da babban injinsa saboda shi ne abin alfaharinsa; a roƙe shi cikin ladabi ya fara daga buhu.

A ba kowane yaro aikin ido guda. Wannan ya ƙirga ma'aikata da abin da kowanne ke yi. Wannan ya riƙe agogo ya ƙirga leda nawa ke faɗowa a minti ɗaya. Wannan ya nemi inda ake aje wanda ya lalace, ya tambayi dalili. Tambayoyin da ke fito da ilimi su ne irin waɗannan: "Baba, me ya fi lalacewa a injin nan?", "Idan an ɗauke wuta yaya kuke yi?", "Ta yaya kuke gane wanda bai yi kyau ba?" A hana su tambayar riba ko albashi, kuma ba ɗaukar hoto sai da izini.

Gargaɗi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji, ƙarar ta isa ta cutar da kunne. A kalli inji yana aiki minti biyu ko uku, a fito waje a yi bayani. Idan akwai mai walda a kusa, yara su juya baya. Hasken walda na ƙona ido, kuma zafin ba ya tashi sai bayan sa'o'i, sau da yawa cikin dare.

Da an dawo, a ranar, kowa ya zana matakan a jere da kibiya tsakaninsu. Idan aka bari sai gobe, rabi ya zube.

6. Gwajin layi da takarda

Wannan gwaji na minti 30 ne, kuma shi ne ke bayyana dalilin da ya sa ake raba aiki. Ana buƙatar tsofaffin takardun kaye, almakashi marar tsini, gam ko ƙullun rogo da aka dama, da yara biyar. Abin da za a yi shi ne ƴar jakar takarda ta zuba gyaɗa.

Zagaye na farko, minti 10: kowa ya yanka, ya naɗe, ya liƙe, ya rubuta suna, shi kaɗai. A ƙirga. Zagaye na biyu, minti 10: ɗaya yanka, ɗaya naɗi, ɗaya liƙi, ɗaya rubutu, na ƙarshe dubawa. A sake ƙirgawa, amma wanda mai dubawa ya amince da shi kawai.

Kusan kullum takardu za su taru a gaban yaro ɗaya, yawanci mai liƙi, na bayansa kuma su zauna hannu sake. Kada a yi masa faɗa, aikinsa ne ya fi cin lokaci. A tambayi yaran yadda za a yi. Su da kansu za su ce a ƙara masa mutum, ko mai rubutu ya taya shi. A gyara a yi zagaye na uku. A kuma yanka kwali guda ya zama ma'auni, kowace takarda a ɗora shi a yanka, su ga yadda jakunkunan suka koma girma ɗaya.

7. Ƙaramar masana'anta a tsakar gida: daga gyaɗa zuwa mai da ƙuli-ƙuli

Babu abin da ya fi gyaɗa dacewa da wannan a Maraɗi. Tana samuwa, kusan kowace unguwa akwai matar da ta ƙware a matsarta, kuma abu biyu ke fita daga abu ɗaya. Lokacin kaka ya fi, gyaɗa sabuwa kuma da sauƙi. A gayyato gwanar ta zama shugabar aiki, a biya ta ladan yininta. Kayan aiki: ɓararriyar gyaɗa tiya 2, kasko, faifai, turmi ko babbar tukunya, muciya, mataci, kwalabe busassu, gishiri, da sikeli idan akwai.

Kafin komai a tambaya ko akwai yaron da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi. Irin wannan kada ya shiga. Ƴan ƙasa da shekara 5 kuma a nisanta su da ƙwayar gyaɗa saboda shaƙewa. Kowa ya wanke hannu da sabulu.

Tasha ta farko awo. A auna gyaɗar a rubuta. Duk tashar da aka wuce a sake aunawa, don yara su ga inda nauyi ke raguwa.

Tasha ta biyu tsinta, kuma nan ne aikin ƙanana. A baza a faifai a fitar da tsakuwa, da ƙwayar da ta yanƙwane, ta yi baƙi, ta yi fumfuna, ko ƙwaro ya huda. A dage a nan. Fumfunar gyaɗa na haifar da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wadda aka ware a zubar, kada a ba yara su tauna, kada a ba kaji. Wani yaro dabam ya sake bin faifan bayan mai tsinta.

Tasha ta uku suya, aikin babba. Wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa. Yara su tsaya nesa su riƙe agogo. Ana ɗebo ƙwaya a murza: idan jar fatar ta saɓule cikin sauƙi kuma cikin ya yi ruwan zuma-zuma, ta yi. Idan ba ta soyu ba mai zai ƙi fita sosai, idan ta ƙone mai ya yi duhu, ƙuli-ƙuli ya yi ɗaci.

Tasha ta huɗu murza da sheƙa, bayan ta huce. Yara su murje fatar da tafin hannu, babbar yarinya ta sheƙe a faifai.

Tasha ta biyar niƙa. A kai inji da yara biyu su ga abin da suka gani ranar ziyara yana yi musu aiki. A gaya wa mai inji na mai ne, ya niƙa da laushi sosai. A dawo da wuri, don ƙullun da ya yi sanyi yana wahalar ba da mai.

Tasha ta shida tuƙi, inda aiki ya fi lalacewa. A zuba ƙullun a turmi ko tukunya, babba na zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, kamar rabin ludayi a lokaci guda, ana tuƙawa da ƙarfi. Ƙullun zai fara tauri, ya canza launi, ya dunƙule, mai ya fara tsattsafowa ya kwanta a sama. Da an ga haka a daina zuba ruwa. Mai gaggawa da ya kwarara ruwa da yawa lokaci guda, ƙullun zai saki ya haɗe da man, raba su kuma sai da wahala. Manyan yara su karɓi muciya bi da bi, amma butar ruwan zafi a hannun babba take. A kwashe man, a matse dunƙulen da hannu har ya daina ɗiga. Abin da ya rage shi ne tunkuza.

Tasha ta bakwai mulmula. A sa gishiri a tunkuza, a raba ta da murfin kwalba ko cokali ɗaya don kowane ya zo daidai, yara su mulmula. Masu kauri ba sa soyuwa har ciki, kuma su ne ke saurin lalacewa. Mai dubawa ya mayar da duk wanda ya fi ma'auni.

Tasha ta takwas suyar ƙuli-ƙuli cikin man da aka fitar, babba kaɗai, yara bayan layi. Suyar na ƙara fitar da man da ya rage a tunkuza, tana kuma kore ruwan da ke cikin man.

Gargaɗi: idan mai ya kama wuta a rufe kaskon da murfi, kada a zuba ruwa. Idan ya fantsamo wa wani, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi mai tsabta kamar minti 20 sannan a nufi likita. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba toka.

Tasha ta ƙarshe: a bar mai ya huce sarai, a tace, a ɗura a busasshiyar kwalba. Ɗigon ruwa a kwalba na sa mai ya yi wari da wuri, haka ma ajiya a rana. Yara su liƙa takarda mai ɗauke da sunan kaya, yawa da kwanan wata. Shara da wanke-wanke na cikin aikin, ba a tashi sai an yi su.

8. Lissafi

A zauna da kaye a ranar. Farashin gyaɗa na kaka ba ɗaya yake da na bazara ba, saboda haka yara su rubuta abin da aka biya da gaske. Ga misali don a ga tsarin kawai. A ce gyaɗa tiya 2 ta ci sefa 3.000, niƙa 300, icce 300, kwalba da leda 200, gishiri 100: jimla 3.900. A ce an samu mai lita ɗaya da rabi da zai sayu 2.250, ƙuli-ƙuli kuma na 2.000: jimla 4.250. Saura 350.

Daga nan tambayoyi suke fitowa da kansu. Da an zubar da tunkuza, riba aka ci ko faɗuwa? Ina ladan waɗanda suka yini suna aiki? Idan tiya 10 aka yi, icce zai ninka sau biyar? Me ya sa masu wannan sana'a ke sayen gyaɗa da kaka su ajiye? Kada a yi saurin ba su amsa. Idan a dangi ko unguwa akwai dattijon da ya yi aiki a masana'antar man gyaɗa ta SICONIGER ko majemar SONITAN, a gayyato shi wannan zama, ya faɗa musu yadda ake waɗannan matakai da inji, da abin da ke faruwa idan gyaɗa ko fata ta yanke.

9. Yaron da ya nuna sha'awa

Za a ga wanda ya ci gaba da tambaya bayan sauran sun manta. Kada a cire shi daga lakwal saboda haka. Mai gyaran inji da ba ya karanta ma'auni ko takardar inji yana da iyaka. A ƙarfafa masa lissafi da zane, a bar shi ya kwance tsohuwar fanka ko keke ya mayar, bayan an cire ta daga wuta.

Hanyoyin karatu suna nan: kwalejojin koyar da fasaha na CET, cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin ƙananan hukumomi, da makarantar fasaha ta Lycée Technique Dan Kassawa a nan Maraɗi ga wanda ya samu BEPC, takardar shaidar kammala kwaleji. A je a tambayi sharuɗɗan shiga tun kafin ƙarshen shekarar karatu.

Idan ya kai shekara 14 kuma ana so ya riƙa zuwa wurin wani maigida lokacin babban hutu, uba ya je da kansa, da shaida ɗaya, a yi magana a fili: sa'a nawa a rana, wane aiki zai koya, wane inji ne ba zai taɓa ba, wa zai ba shi abinci, wa zai biya magani idan ya ji ciwo. Ba aikin dare, ba ɗaukar buhun siminti, ba walda ba tare da gilashin kariya ba, ba duka. Duk mako a tambaye shi sabon abin da ya koya, ya nuna da hannunsa. A riƙa leƙa wurin ba tare da sanarwa ba. Idan wata guda ya wuce aikinsa bai wuce sayo shayi da share rumfa ba, a koma wurin maigidan a tuna masa abin da aka yi alkawari, idan bai sauya ba a nema wa yaron wani wuri.